Kamu Ɗaya Kafin Dutse

Ba a yi wata biyu da rasuwar Baba ba, ƙaninsa Baffa ya zo da igiyar awo ya raba filin kiwonmu. Ya ɗauki kwari, inda ƙasa take da zurfi, ciyawa take kaiwa tsakiyar rani. Ni da Inna ya bar mana tudu.

"Mata biyu da awaki goma sha biyu, me za ku yi da kwari?" in ji shi.

Ni dama ba na iya magana gaban manya, shi ya sa yake ce mini Bebiya.

Tudun nan na san shi kamar yunwar cikina. Rairayi ne a sama, kamu ɗaya, wani wurin ma bai kai ba, ƙarƙashinsa falalen dutse. In ruwan fari ya sauka yakan riga ko'ina yin kore, don ruwan ba shi da wurin nutsewa. Amma a yi kwana goma ba ruwa, sai ciyawar ta ƙone. Rani biyu muka yi a kansa, awakinmu bakwai suka mutu. Ta ƙarshen ita ce wadda Baba ya ba ni. Na ja ta zuwa bakin kwari ko ta samu ta ɗan ci, Baffa ya koro mu da sanda. Da ta mutu na kasa haƙa mata rami, dagi yana ta ƙara a kan dutse. Tun ranar na ƙullaci Baffa a raina.

A damina ta uku, da safe, sai ga Baffa a tudu riƙe da dogon rodi. Wurin ya yi shar, kwarinsa kuwa bai ko tsiro ba. Wani ya gaya masa mangwaro yana son rairayi.

"Ke Bebiya, ashe lambu na ba ku ban sani ba. Zagaya da ni in ga zurfin ƙasar nan."

A duk tudun wuri uku ne kawai turke yake shiga, inda dutsen ya tsage rairayi ya cika tsaguwar. Nan nake ɗaure awaki. Na wuce gaba kaina a ƙasa. Da na zo wuri na farko na tsaya kamar ina cire ƙaya. Baffa ya soka rodi kusa da ƙafata, ya shige har hannunsa. A na biyu na gyara ɗankwali. A na uku ma ban yi komai ba, tsayawa kawai na yi.

Ranar Laraba ya tara dattawa, ya ce tausayinmu yake ji, zai mayar mana da kwari ya karɓi tudu. Tsohon da yake haƙa wa mutane rijiya ya dube shi.

"Ka ƙara sokawa a wani wurin mana, ba a gaggawa da tudu."

"Wuri uku na soka da hannuna," in ji Baffa. "Kai dai tsufa ya sa kana ganin dutse ko a cikin ƙwarya."

Aka yi dariya, aka rubuta takarda, Inna ta dangwala yatsa.

Baffa ya kawo tarakta. Kafin azahar bakin garma biyu sun karye, amma ya ce a ci gaba. Masu taraktar suka birkice ciyawar da saiwarta take riƙe da rairayin. Ruwa mai ƙarfi ya sauko sau biyu, ya kwashe ƙasar ya zubar a rafi. Dashen mangwaro ɗari biyu da ya yi suka rage a tsaye cikin 'yan tsibin yashi, saiwarsu a waje. Kafin kaka tudun ya zama fari fat, ko tsuntsu ba ya sauka.

Da rani ya yi tsanani, ya koro shanunsa zuwa shingenmu na kwari. Ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ya gaida Inna har da rusunawa, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, sati biyu kawai su ci a gefe."

Na ga Inna ta kai hannu ga ƙyauren shinge. Na riga ta, na tsaya a jikinsa.

"Ke, ƙanin ubanki ne fa," ta ce a hankali.

"Na sani, Inna."

Baffa ya ƙura mini ido. "Kin san dutse ne a ƙasa, ko?"

Na ɗaga kai.

"Baffa, ni ban ce komai ba. Ciyawar nan ta awaki biyar ce, ba za ta ishi shanu ba."

Na ja ƙyauren na ɗaure da igiya, ƙulli biyu. Ya daɗe a tsaye. Wata saniya ta miƙo wuya ta saman shinge tana lasar ganye, na buge mata hanci.