Hannun Gide a Ledar Iri

Duk Daudawa babu wanda bai san rubutun Gide ba. Shi ke rubuta allunan shaguna da bayan motoci, rubutun nan mai ɗan kishingiɗa, kamar na mai sauri amma a natse. Gide kuma yana da taurin kai guda: ba ya rubuta wa mutum allo sai ya yarda da kayansa. Wani mahauci ya taɓa binsa har gida, Gide ya ce ya san inda yake samo awakinsa, ya je ya nemi wani. Shi ya sa in mutane suka ga hannunsa a ƙofar shago, sai su shiga ba tambaya.

Uwais kuwa abokinsa ne tun suna kiwo tare, yanzu yana da shagon buga takardu da kwamfuta a Ƙanƙara. Wata ranar kasuwa ya ajiye wa Gide farar takarda da biro, ya ce, "Rubuto mani haruffan nan duka, manya da ƙanana. Bango zan maƙala, in riƙa tunawa da kai." Gide har daɗi ya ji, bawan Allah! Ya zauna ya jera su tsaf.

Ashe cikin kwamfuta Uwais ya zuba su. Ko wa ya zo, dannawa kawai za a yi, hannun Gide ya fito a takarda.

Da damina ta matso, wani baƙo ya kawo irin masara kasuwa a ƙananan ledoji, an rubuta "Iri mai albarka" da rubutun nan. Manoma suka yi ta rububi, ai Gide ya yarda da shi. Aka shuka, ruwa ya sauka, gonaki shiru. Tsiro ɗaya nan, ɗaya can, kamar haƙoran tsohuwa.

Gide ya hau mashin sai Ƙanƙara, zuciya na tafasa. Ya jefa ledar kan teburin Uwais.

"Mi na yi maka, Uwais?"

"Haba Gide, haruffa ne fa! Kai ka ƙirƙiro boko? Mutum ya zaɓi rubutun da ya yi mashi, na buga. Ina ruwana da abin da ke cikin leda?"

Ko kunya babu a idonsa, har yana tambaya ko a kawo lemo. Wannan ne ya fi ƙona wa Gide rai. Ya juya ya fita.

Da la'asar ya shigo gari, ya tarar da Baba Mani, mai shagon hatsi, aminin mahaifinsa, tsaye kan benci da gwangwanin fenti, yana shafe allon da Gide ya rubuta masa.

"Baba, wallahi ba ni na rubuta ledar nan ba."

"Na sani, ɗana," in ji tsohon, bai ko juyo ba. "Amma tun safe duk wanda ya ɗaga kai ya ga allon nan, sai ya wuce."

Ya sake tsoma burushi a gwangwani.