Itatuwan da Eilif Ya Kawo daga Kudu

Raina na gida cuta ce, kuma ita ta ci Eilif na Gangare.

Gonarsa tana gindin tsauni, nan arewacin ƙasar Nowe. Abin da ke tare mata dusar ƙanƙara tun zamanin kakanni shi ne kurmin da ke samanta, na itatuwa masu farin ɓawo, gajeru, karkatattu, ba kyan gani. Wata shekara tsutsa ta cinye kurmin. Al'adarmu a nan, sai ka tsinci iri daga 'yan itatuwan da suka tsira a tsauninka, ka shuka, ka jira. Eilif ya ce shi ba zai jira ba. Ya sauka kudu ya ciko mota da dashe, miƙaƙƙu kamar sanda.

Yayarsa Borghild, wadda suke riƙon gonar tare, ta fito ta duba.

"Waɗannan samarin fa, daga ina?"

"Daga inda icce ke tsayuwa kamar icce, Yaya. Na gaji da gurguntattun nan naki."

"Gurguntattun sun san ranar da ake barci. Naka sun sani?"

"Icce ɗaya ne, har ganyen."

"Ni da kai ma uwa ɗaya ce, ga shi kunnenka bai yi aikin nawa ba."

Ya yi dariya, ya tuge 'yan tsiron gida da suka fara leƙowa don ya ba baƙinsa fili.

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Iccen kudu ba ya daina toho sai ya ga dare ya yi tsawo, haka ya gada. Mu kuwa lokacin ɗumi rana ba ta faɗuwa. Na gida tun da sauran haske suke tsayawa su ƙanƙame jiki, na Eilif suna ta fitar da ɗanyen reshe har sanyi ya riske su. Kowace kaka kawunansu su ƙone, kowace bazara ya ce bana za su saba. Icce ba ya sabo da abin da ba a haife shi da shi ba. Suka yi ta mutuwa a tsaye, saiwa ta ruɓe a ƙasa.

Hunturun da dusar ƙanƙara ta yi nauyi a kan tsaunin, Borghild ta ce su kwashe dabbobi zuwa garken maƙwabci.

"Kurmina yana nan," in ji shi.

"Makabartarka dai tana nan," ta ce. Ta kora nata awakin ta tafi.

Da hantsi tsaunin ya saki dusar ƙanƙarar da ke kansa, ta rufto wa gonar. Busassun sandunan ba su tare komai ba.

An zaro Eilif daga ƙarƙashinta da rai. Awakinsa goma sha tara sun tafi, da doki, da rumbun ciyawa, da rabin gidan da ubansa ya gina. Ƙafarsa ta hagu ba ta sake miƙewa ba. Gangaren kuma ya zama tsandauri, babu iccen gida ko ɗaya da za a tsinci iri a gindinsa.