Goyon Baba Mamuda

"Ja da kyau, Sauda, ba jariri kike goyawa ba," in ji Baba Mamuda, muryarsa na fitowa daga cikin kaski, hular kwanon nan, kamar daga ƙasan rijiya.

Sauda ta ja zanen ta ƙulle shi a kan cikin mijinta Ashafa har sai da numfashinsa ya tsaya. Ta ƙara wani a ƙirji. Haka aka ɗaure maza biyu wuri guda a kan moto mai ƙafa biyu, a ƙofar gida a unguwar Ganou ta Parakou, ɗaya ɗan arba'in da takwas, ɗaya ya haura saba'in, ana fitowa daga sallar asuba, sanyin Janairu yana neman kowace kafa a jikin mutum.

Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanin Ashafa da Baba Mamuda. Tsohon mai goro ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan moto yana bin kasuwannin ƙauye, ba mata, ba ɗa. Mako biyu da suka wuce likita ya sallame shi, irin sallamar da ba a faɗa wa mutum ranar dawowa. Jiya da la'asar ya aika aka kira Ashafa, ya ce yana so a kai shi Djougou wurin yayarsa Ramlatou, yana da magana da ita. Rabon su da juna shekara talatin da ɗaya. Abin da ya raba su, duk Ganou ba wanda ya sani. Lambar wayarta babu, kuma gidan, in ban da shi tsohon, ba wanda ya san inda yake.

An zaɓi Ashafa ne saboda sana'arsa gyaran firji da fanka, wato a watan ɗari duk unguwar ba wanda ya kai shi zaman banza. Ya kawo uzurin mura, ya kawo na ciwon baya, ya ce ai ga taksi.

"Taksi sai ta cika," tsohon ya ce. "Ni ba ni da lokacin jiran mutum shida."

"Baba, ban san Djougou ba. Sau ɗaya na je ɗaurin aure, kuma barci na yi har muka isa."

"Ni na sani. Kai dai ka tuƙa."

Yanzu Sauda ta cusa wa mijinta yankakken kwali a gaban jaket don tare iska, ta matso kusa da kunnensa.

"Maigida, ka kai shi da ransa, ka ji? Yau ba ranar tuƙinka na kullum ba ce."

Ashafa bai yi musu ba. Kowa ya san masu keke suna wuce shi a hanyar kasuwa, wasu har da gaisuwa.

Kafin su wuce Tourou yatsunsa sun daina zama nasa. Iska tana yanka shi ta ƙasan kaski, hawaye na gudu zuwa kunnuwansa, hanci na zuba ba hannun sharewa. A bakin hanya mata sun tsuguna kewaye da wutar kara, sun lulluɓe har ido. Tumaki sun kwanta a kan kwalta ba su da niyyar tashi don kowa. Baba Mamuda ya zura hannuwansa biyu cikin aljihunan jaket ɗin Ashafa, ya damƙe.

"Kana faɗa da moto," ya ce a wata kwana. "Ka saki kafaɗa. In na karkata, ka karkata. Ita ta san aikinta."

"To, Baba."

"Wa ya koya maka tuƙi?"

"Ba kowa."

"Ya nuna."

A Bétérou kogi yana tururi kamar tukunya, gadar ta jiƙe da raɓa. Suka tsaya wurin mai shayi. Da yake a ɗaure suke, ba mai iya sauka, sai mai shayin ya zo da kansa ya ɗaga wa tsohon gilashin kaski ya kai masa kofi baki, masu manyan motoci suna kallo suna dariya ƙasa-ƙasa. Ya kurɓa sau biyu ya kau da kai.

"Sukari ya yi yawa," ya ce. Sannan ga Ashafa: "Zan ɗan runtsa. Kada ka dame ni da tambaya. In mun shiga gari zan nuna maka."

Mai shayi ya sauke masa gilashin, suka hau gada.

Tun daga Ganou akwai ɗumi a bayan Ashafa, daidai inda ƙirjin tsohon ya manne, shi kaɗai ne wuri mai daɗi a duk jikinsa. Bai san lokacin da ɗumin ya fara tafiya ba. Ya dai lura, a wani miƙaƙƙen daji inda ba gida ba mutum, cewa bayansa ya koma daidai da gabansa. Ya ce wa kansa iska ce. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana sa tafin hannu a cikin firji don ya ji ko sanyi ya kama, ranar nan ya yanke wa kansa hukunci cewa shi bai san komai game da sanyi ba.

Sai ya kama hira. Ya ba tsohon labarin wata hajiya da ta kawo fanka gyara alhali wuta ce aka ɗauke a layinsu. Ya ba shi labarin surukarsa. Duk inda taya ta taka rami, kaskin baya yakan taɓa nasa, ƙwas, kamar mutum ya ce haka ne. Madubin hagu yana nuna masa gefen baƙin gilashin nan. Ya miƙa hannu ya juya madubin ya koma kallon itatuwa.

Dab da Partago 'yan sanda sun sa shinge. Wani matashi cikinsu, hannuwa a hammata saboda ɗari, ya duba takardu, ya duba zannuwan, ya leƙa baya.

"Le vieux, ça va?" ya tambayi tsohon da Faransanci ko lafiya.

Ashafa ya ji kan tsohon ya sunkuya a hankali ya kwanta a kafaɗarsa.

"Barci yake yi, chef. Ba shi da lafiya, gida zan kai shi."

"Allez-y. Doucement," in ji ɗan sandan, wato su wuce, a hankali.

Da ya so, nan ne wurin da zai ce a ɗaga gilashi a duba. Ya yi tunanin haka har ya buɗe baki. Amma in an duba aka ga abin da ba ya so a gani fa? Ga shi a ɗaure da mutum, ga gari a gaba mai lungu dubu, ga mace guda da ba wanda zai iya kai shi ƙofarta sai wanda ke bayansa. Ya rufe bakinsa ya murɗa hannu. A ranar, karon farko a rayuwarsa, ya wuce wata motar gawayi.

Sun shiga Djougou hantsi ya ɗaga, amma duk inda inuwa take sanyi na nan zaune. A babbar mahaɗa ya rage gudu.

"Baba, mun iso. Ina muka nufa?"

Shiru. Masu moto na danna masa oda ta baya.

"Baba Mamuda."

Sai nauyin da ke bayansa ya karkata hagu, a hankali, ba irin na faɗuwa ba. Ashafa ya saki kafaɗa ya karkata, moto ta bi. Suka bar kwalta suka shiga jar ƙasa. Gaban wani masallaci nauyin ya koma dama, ya bi. Daga nan lunguna suka fara matsewa, katangun ƙasa suna kusantar gwiwoyinsa, rana ba ta sauka ciki. Dama, hagu, hagu kuma. Ya daina tambaya. Bai ƙara jin sanyi ba, bai ji komai ba sai wannan nauyin da ke gaya masa inda zai bi tun kafin kwanar ta bayyana. Wani tsoho a bakin zaure ya ɗaga musu hannu, sai ya tsaya da hannun a sama yana bin su da kallo.

A ƙofar wani gida mai dakali biyu, nauyin gaba ɗaya ya faɗo gaba ya danne shi. Moto ta yi tari ta mutu.

A cikin zauren wata tsohuwa siririya tana zaune gaban kwando tana tsince goro, ta lulluɓa da bargo.

"Salamu alaikum, Hajiya. Don Allah ina ne gidan Hajiya Ramlatou?"

"Wa ke nemanta?"

"Ƙanenta. Mamuda, daga Parakou."

Goron da ke hannunta ya koma cikin kwando. Ta daɗe tana kallon mutumin da ke bayansa, ba ta tashi ba. Sannan ta juya ta yi kira cikin gida, a ce wa Malam Sufyan ya zo.

Malam Sufyan maƙwabcinta ne, dattijo mai farin gemu, daga baya Ashafa ya ji cewa shi ke wankan gawa a unguwar. Shi ya cire kaskin. Ya yi salati a hankali, mutanen da suka fara taruwa suka amsa.

"Ɗana, yaushe ya yi maka magana ta ƙarshe?"

"Yanzu-yanzu ya nuna mini ƙofar nan, Malam."

"Da baki?"

Malam ya taɓa muƙamuƙin tsohon, ya gwada lanƙwasa gwiwar hannunsa, ta ƙi.

"Wannan bawan Allah ya kai awa uku da cikawa."

Aka kwance zannuwan, amma hannuwan sun ƙi fita daga aljihu. Sai da aka zuge jaket ɗin Ashafa ya zare kansa daga ciki kamar maciji na saɓa, kwalin Sauda ya faɗi ƙasa. Aka shiga da Baba Mamuda zaure rungume da jaket ɗin. Ashafa ya tsaya a lungu da 'yar shara, yana rawar ɗari, yana ta lissafa wa kansa dalilai: hanya tana da gangare, ramuka suna jefa kaya gefe, gawa ma kaya ce. Dalilan sun yi kyau, ba wanda ya tambaye shi su.

Hajiya Ramlatou ta aiko aka shigo da shi. Tana durƙushe kusa da tabarmar.

"Kai ne maƙwabcinsa?"

"Ni ne, Hajiya. Na yi iya guduna, wallahi. Ban iya ba ne."

"Me ya zo gaya mini?"

Ƙarya mai kyau ta zo masa har bakin harshe, irin wadda za a yi kuka a gode masa. Ya dubi fuskar tsohon, ya tuna mutum ne da bai taɓa barin wani ya yi ciniki a madadinsa ba.

"Bai gaya mini ba, Hajiya. Ya ce sai ya ga fuskarki."

Ta ture bargon daga kanta, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa nasa.

"To, ga ta," ta ce.

An yi jana'iza bayan azahar. Da la'asar aka mayar wa Ashafa jaket ɗinsa a ninke, aka cika masa leda da goro ya kai wa Sauda. Ya yi sallama ya tada moto. Ya shiga lungun da yake ganin ta nan ya zo, ya ɓulla bayan wani gidan wanka. Ya juya ya bi wani, ya sake samun kansa gaban dakali biyun nan. A karo na uku Malam Sufyan ya taso daga bakin masallaci.

"Kashe ta ka turo, ɗana. Baƙo ba ya fita nan shi kaɗai."

Malam ya shige gaba da carbinsa, Ashafa yana biye yana tura moto, tana masa sauƙi a hannu kamar ba ita ba. Yana ƙirga kwanoni, ya kai tara, babu ko ɗaya da ya gane. Har ya fara cewa a ransa ai ba ta nan suka shigo ba. Sai suka zo wani matsattsen lungu inda dole ya karkatar da kan moto kafin ta wuce. A jikin katangar ƙasar, daidai tsayin madubinsa, akwai sabon karce dogo, ja, garin ƙasar da ya zubo yana nan a gindin bango ba a share ba. Malam ya ci gaba da tafiya bai waiwaya ba. Ashafa ya tsaya ya sa yatsa a cikin karcen.