Tirela a Gayaunar Tani

Duk direban tirela zai gaya maka cewa tuƙi ba shi ne wahala ba, wurin ajiyewa ne. Dalhatu ya sauke siminti a Katsina, maigidansa ya ba shi hutun 'yan kwanaki da sharaɗi ɗaya: motar ta kwana ko dai inda akwai maigadi, ko kuma a gaban idonsa. Rabonsa da ƙauyensu Ƙofa kuwa tun rasuwar mahaifinsa, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili amsa ɗaya yake bayarwa, wai ba shi da inda zai ajiye mota. Ya maimaita maganar nan har shi kansa ya soma yarda da ita.

A Kankia ya fara gwadawa. Manajan wani gidan mai, Bayo, ya dubi tsawon motar ya girgiza kai. "Oga, kwana ɗaya na yarda. Amma fiye da haka, in aka cire batir ni za a riƙe." A bakin kasuwa aka ce masa gobe take ci, ya kwashe kayansa. Ya kama hanyar Kusada yana tsaki. Da ya isa Ƙofa ya leƙa filin makaranta, hedimasta ya ce yara za su mai da ita wurin wasa, in wani ya faɗo wa zai amsa?

Sai ga fili a bayan gidansu, shimfiɗe, a share tas, ba kara ba ƙaya. Gayaunar mahaifiyarsa ce, ɗan abin da take nomawa da hannunta. Damina ba ta sauka ba tukuna, ƙasa a bushe take. Dalhatu ya ce a ransa, to ga wuri Allah ya kawo. Da ya sauko ya duba ƙasar, da ya ga sawun diddige a jere, layi bayan layi. Amma mutumin da ya shekara da shekaru yana kallon duniya daga saman kujerar tirela ba ya duba ƙasa sai in taya ta yi faci.

Inna Tani na tsaye a bakin danga da faifai a hannu sa'ad da ya karya kan motar ya shigo. Juya tirela na son wuri, don haka ya yi gaba, ya yi ribas, ya sake yin gaba, sai da ya taka kusan ko'ina kafin ta daidaita. Ta kalli abin har ya kashe inji, sannan ta juya ta shige gida. Bai ga wani abu a ciki ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da ya buɗe ido bai taɓa jin ta kira sunansa ba, balle ta tsaya hira da shi. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", in tana da saƙo sai ta bi ta bakin wani.

Ƙanwarsa Sumayya ce ta kawo masa tuwo. Ta ajiye kwanon, ta ɗan tsaya.

"Yaya, nan za ka bar ta?"

"Wa ta tsare wa hanya?"

Ta buɗe baki, sai aka yi gyaran murya daga ɗakin Inna. Sumayya ta ɗauki murfin kwanon ta fita.

Kashegari da la'asar hadari ya haɗo, aka yi ruwa na kirki, na farko a shekarar. Da gari ya waye duk ƙauyen ya fita da sungumi, kowa na rige-rigen shuka. Dalhatu na zaune a inuwar motarsa yana shan koko, yana amsa gaisuwa kamar mai sarauta, sai ga kawunsa Ɗanmaliki da sanda. Tsohon bai zauna ba.

"Kai ɗan manomi ne kuwa?" in ji shi. "Wagga gona da ka hau, uwarka binne ta yi mata. Tun makon jiya ta zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ta rufe, tana jiran ruwa ya taras da shi. Kuma geron mahaifinka ne, ɗan ragowar zangarniyar da ta rataye a ɗaki tun da ya rasu. Babu wani bayan shi."

Dalhatu ya ajiye kwanon kokon. Ya san geron nan. Da shi aka yi furar sunansa, da shi aka yi ta sadakar ukun mahaifinsa. Kunya ta lulluɓe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Me ya hana a gaya mini?"

"Wa zai gaya maka? Ita?" Kawu ya buga sanda a ƙasa. "Yanzu dai ka bar ta inda take sai ƙasa ta sha iska. Abin da taya ta taka a bushe yana iya tsira."

Shawara ce mai kyau, amma mai jin nauyin laifi ba ya iya zama. Kawu na juya baya Dalhatu ya haye mota ya tayar, shi dai ya cire ta daga idon uwarsa. Tayoyin baya suka yi juyi biyu suka nutse. Ya ƙara wuta, suka ƙara haƙa, laka na tashi har kan danga. Aka sa itace, aka sa duwatsu, a banza. Sai da aka nemo tarakta daga Kusada ta ja ta da sarƙa, ita ma ta yi nata aikin. Da motar ta hau hanya, abin da ya rage na gayaunar ramuka ne cike da ruwa, sai ɗan gefe ɗaya can wajen bishiyar kuka da babu abin da ya taɓa shi.

Ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya ce, "Inna, ki gafarce ni." Asabari ne tsakaninsu. Ya daɗe a durƙushe kafin ya ji muryarta, kuma ba da shi take ba.

"Sumayya, ce mishi abincin shi na hucewa."

Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. A ranar ya bar garin, hutun ma bai ƙare ba.

Damina ta yi nisa bai waiwayi gida ba. Ya wuce Kankia da kaya ba sau ɗaya ba, in ya zo mararrabar Kusada sai ya kau da kai ya ƙara gudu. Ana dab da girbi Sumayya ta kira shi a waya. "Inna ta ce a tambaye ka ko motar ce ta lalace." Wannan karon ya roƙi Bayo kwana ɗaya, ya bar tirelar a gidan mai, ya hau acaɓa. Ya rantse a ransa tayarsa ba za ta sake taka ƙasar Ƙofa ba.

Ta bayan gida ya bi, don ya ga ɓarnarsa kafin ya ga mutane. Can gefen kuka geron mahaifinsa ya fitar da kai, ɗan kaɗan, da ƙyar zai yi dami biyu. Sauran gayaunar kuwa ba a shuka komai ba. An cike ramukan da burji, an daɓe wurin sumul kamar tsakar ɗakin amarya, dogo, daidai tsawon tirela. An jera duwatsu a gefe, an kuma matsar da danga baya don mashiga ta yi faɗi.

Sumayya ta same shi a tsaye. Ta ce Kawu ya kawo wani irin a sake shukawa, Inna ta ƙi. Innar da kanta ta riƙa ɗauko burji a daro daga bakin hanya, safe da yamma, sannan ta gayyato matan unguwa suka yi daɓe.

Dalhatu ya bi daɓen da kallo. Ya san sarai ba rashin wuri ne ya hana shi zuwa duk shekarun nan ba. Gidan ne ya yi masa shiru bayan mahaifinsa, ya samu abin fakewa ya fake. Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske.

Daga cikin gida aka ɗaga murya kaɗan, yadda zai ji.

"Sumayya, tambayi wancan ina ya baro motar. Ba cewa yake ba shi da wurin ajiyewa ba? To ga shi nan an yi mishi."

Dalhatu ya goge fuskarsa da hula. Ya fita bakin hanya ya tsayar da mai acaɓan da ya kawo shi, ya ce su koma Kankia.