Naɗin Sarkin Iyo

Gidaɗo mutumin Utai ne. Shan-inna ta shanye masa ƙafafu tun yana goye, da hannu yake tafiya, shi ya sa kafaɗunsa suka buɗe kamar na maƙeri. A tudu kowa ya fi shi sauri, amma a Kogin Wudil labarin daban ne. Duk shekara in ruwa ya fara ja, samari kan yi tseren iyo daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma shekara shida a jere Gidaɗo ne ke fara taɓa yashi. Mai bi masa kullum Bilya ne, ɗan Alhaji Maikano shugaban dillalan kara, wato kasuwar shanu.

A 1956 ƙungiyoyi uku na garin Wudil suka ga bai kamata a bar irin wannan bawan Allah haka ba: ta dillalan kara, ta masunta, da kulob ɗin ma'aikatan En'e. Suka haɗa kwamiti. Zama huɗu aka yi kan sunan wace ƙungiya za a fara ambata. A na biyar aka zo kan Gidaɗo, wanda ba a gayyata ba don kada a wahalar da shi.

Masunta suka ce a sassaƙa masa kwalekwale. Ma'aikata suka ce takardar yabo ta fi, a buga ta da tafireta. Alhaji Maikano ya bari kowa ya gama, sannan ya ce abin kunya ne a ce gari guda ya tsaya a gaɓa yana kallon gurgu cikin ruwa, in wani abu ya same shi me za a ce wa Allah? Girman da ya dace da shi, in ji Alhaji, a naɗa shi Sarkin Iyo, ya zauna a inuwa ya riƙa yanke wanda ya ci. Kowa ya yaba da tausayin Alhaji.

Ranar tseren Gidaɗo ya iso a kan jaki, ɗaure da wandon shiga ruwa. Aka ɗauke shi cak aka ɗora a kujera, aka zura masa babbar riga, aka naɗa masa rawani. Malam Sharhabilu, akawun kwamiti, ya karanta jawabi mai tsawo. Da ya kai ƙarshe, Gidaɗo ya yi godiya, ya tambaya a hankali ko yanzu zai iya tuɓewa, don ya ga yara sun jeru.

"Haba, ranka ya daɗe," in ji Malam Sharhabilu. "Ina aka taɓa ganin sarki ya tuɓe a gaban jama'a?"

Aka buga ganga, samari suka faɗa ruwa. Gidaɗo na kallo, hannuwansa na motsi a cikin riga. Ya ga Bilya ya yanki ruwan ta inda bai kamata ba, igiyar ruwa ta ja shi ƙasa sosai, amma duk da haka shi ya riga kowa. Da bakinsa Gidaɗo ya faɗi sunan wanda ya ci. Alhaji Maikano har da ƙwalla.

A gida matarsa Yelwa ta shafa rigar, ta ce yadin mai kyau ne. Ya ce ƙwarai. Bai ci tuwo ba ranar.

Da shekara ta zagayo ya je ya roƙi kwamiti a karɓi rawanin a ba wani dattijo. Aka ce masa ba a tuɓe mutum sai ya yi laifi, shi kuwa kowa ya shaida adalcinsa. Ya yi alƙalanci shekara goma sha ɗaya. Yakan shiga kogin dai ran Laraba da hantsi, can ƙasa da mashayar shanu, inda ba kowa sai mata masu wanki. Yaran da suka taso daga baya sun san shi da Sarki, suna durƙusa masa, galibinsu kuwa sun ɗauka don tausayi aka ba shi sarautar.