Rajistar Abdulƙadir

Israa ta sake danna maɓallin, allon kwamfutar ya sake kawo layin Turancin nan da ta haddace tun safe: an kasa haɗawa da sabar rumbun bayanai.

"Har yanzu?" in ji Batoul daga bakin ƙofa. Ita ce shugabar wannan makarantar firamare ta Gadarif, wadda tun farkon damina ta zama masaukin mutanen da yaƙi ya koro daga Sinja.

"Har yanzu, Ustaza."

"Dattijon nan fa tun hantsi yake zaune."

Israa ta leƙa ta taga. Yana nan a gindin bedi, ya ɗora hularsa a gwiwa, taɓo ya bushe a ƙafafunsa. Malam Arzika ke nan, mai aikin noma a gonakin dawa na Gadambaliya. Ya hau bayan lori ya zo neman 'yarsa Lailatu, wadda ke aure a Sinja. Wata biyu ke nan wayarta ba ta shiga.

Rajistar masaukin yayan Israa ne ya gina ta, Abdulƙadir. Duk wanda ya shigo da ƙunshinsa a ka, sai ya zaunar da shi ya rubuta sunansa, inda ya fito da inda ya nufa, har sunaye suka haura dubu huɗu. Kwana goma sha biyu da suka wuce kwalara ta kama shi, ya kwana biyu ya cika. Bayansa ruwan sama ya yi yoyo ta rufin ofis ya kashe tsohuwar kwamfutar. Abin da ya rage shi ne filas ɗin kwamfuta, 'yar ma'ajiyar bayanai, da aka samu a aljihun jallabiyarsa, wanda yake kwafe komai a ciki duk yamma.

Israa shekara biyu kawai ta yi tana karatun kwamfuta a Khartum kafin a rufe jami'a. Da sassafe ta ɗauki sabuwar kwamfutar da wani ɗan unguwa ya ba su aro, ta je kasuwa wurin masu sayar da intanet, ta ba manhajar da ke sauko da shirye-shirye umarni guda, ta girka mata sabar, wato shirin da ke riƙe da rumbun sunayen. Ta dawo tana ganin ta gama. Ashe yanzu aikin zai fara.

Ta tambayi na'urar ko sabar na aiki. Ba ta aiki, girka ta kawai aka yi, ba a tayar da ita ba. Ta tayar da ita, alamar ta koma kore. Ta buɗe shirin rajistar da sauri, sai ga layin nan ya dawo.

Hannunta ya kai kan waya kafin ta tuna. Abdulƙadir take kira in irin wannan ya faru. Yakan yi dariya ya ce, "Karanta saƙon har ƙarshe, ke dai gaggawa." Ta ajiye wayar a kife, ta matso da fuskarta kusa da allo ta karanta har ƙarshe. Shirin yana neman sabar ta wani fayil da ke wurin da tsohuwar kwamfuta ke ajiye shi, sabon girkin kuwa ya sa shi a wani wuri dabam. Ta buɗe fayil ɗin saiti, ta ce wa shirin ya bi ta adireshin na'urar kanta, 127.0.0.1.

Wannan karon saƙon ya canza. An hana shiga. Sabar ba ta san wani mai amfani mai suna abdulkadir ba.

Israa ta daɗe tana kallon sunan. A gida ba a kiransa tun ranar sadakar uku, mahaifiyarsu sai dai ta ce "marigayi". Ta ja mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Batoul ta shigo ta tsaya a bayanta, ta dafa ta.

"Mene ne mushkilar, 'yata?"

"Wai ba ta san shi ba. Sai dai in goge sunansa in sa nawa, ko in buɗe masa sabon asusu."

"Wanne ya fi sauƙi?"

"Duk ɗaya ne."

Israa ta share ido, ta shiga a matsayin mai kula da sabar, ta rubuta sunansa harafi bayan harafi, ta kwafo kalmar sirrin da ya bari a fayil ɗin saiti, ta ba shi izinin komai. Sannan ta juye abin da ke cikin filas. Ta buɗe shirin, sunaye suka zubo, layi bisa layi.

Batoul ta fita ta kira dattijon. Ya cire takalmansa a ƙofa duk da an ce ya bar su, ya zauna a bakin kujerar ɗalibai.

"Baba, cikakken sunanta?" in ji Israa.

"Lailatu Arzika. Mijinta Kamal, mai gyaran rakshoshi, babura masu ƙafa uku."

Ta rubuta. Layi ɗaya ya fito.

"Ta zo nan, Baba. Ranar tara ga watan bakwai. Ta kwana shida, ta wuce Shuwak wurin dangin mijinta. Ga lambar wanda ya ɗauke su."

"Alhamdu lillahi." Ya ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdu lillahi. Da yaran?"

"Da yara biyu."

"Uku ne, 'yata. Duba da kyau."

Ta gangara ƙasa, wurin da Abdulƙadir ke ƙara bayani in akwai. Ya rubuta da Larabci, a gajarce kamar yadda ya saba: sun fito da uku, ɗaya ya rasu a hanya da zazzaɓi, an binne shi kafin su tsallaka kogin Dindir, uwar ba ta son a tambaye ta. Bai sa sunan yaron ba.

Israa ta ɗago ta dubi Batoul. Batoul ta karanta ta kan kafaɗarta, ta juya ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa wa dattijon. Ya karɓa bai sha ba. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye kofin a ƙasa a hankali.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. Ya dubi Israa ya ce, "Wanne?"

"Ba a rubuta ba, Baba. Sunayen waɗanda suka iso kawai nake da su."

Ya gyara zama, ya ɗora tafukansa a kan gwiwoyi.

"To, karanta mini su. Kada ki yi sauri."