Hannun da Ya Daina Rawa

Likita Nizar ba ya wahalar da kansa da dogon surutu. Duk sojan da aka turo masa wai kansa ya taɓu, sai ya cika masa ɗan kofin gilashi da shayi maƙil, ya ce riƙe. In bai zuba ba, a buga hatimi, a koma fagen daga. In ya zuba, hutun sati biyu da ƙwayoyi. Har cika baki yake yi wai shayinsa ya fi na'urar Turawa.

Mulham kuwa har kan takalmin likita ya zubar da nasa. Ɗan ƙauye ne daga gefen birnin Hama, da kunnuwa fato-fato. Ya ce tun ranar da suka shiga wata unguwa yake ganin wata tsohuwa riƙe da silifas ƙafa ɗaya, yatsansa kuma ya ƙi taɓa kunamar bindiga. Ga mutum arba'in a layi, ga kanar ya yi waya sau biyu a cika masa motoci da sojoji. Nizar ya san takardar sallama ce ta dace. Sai ya dafa kafaɗar sojan, ya maimaita masa abin da rediyo ke faɗi kullum.

"Waɗancan ba mutane ba ne, ɗana, ɓeraye ne. Wa ya taɓa rasa barci saboda ɓera?"

Bayan sati biyu shayi bai zuba ba. Aka buga hatimi.

Shekara tara ke nan, maganar tana cin Nizar. Da ya ji Mulham na sayar da shayi a tashar motar Hama, sai ya tafi takanas, da ban-haƙurin da ya haddace a hanya. Abu ɗaya yake so ya ji: cewa Mulham bai yarda da maganarsa ba a ranar.

Mulham na hango shi ya washe baki. "Likita mai shayi. Ina gashin kan? Shi ma ka tura shi fagen daga ne?"

Ya share masa kujera, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. Nizar ya yi ta kewaye-kewaye, lafiyar iyali, tsadar sukari, kafin ya tambayi labarin tsohuwar.

"Wace tsohuwa? Af, mai silifas. Ai tun ranar ta kama gabanta. Wallahi maganarka ta fi ƙwayar aiki. Shekara huɗu na ƙara a fagen daga, hannuna bai sake rawa ba. Har sababbin shiga na riƙa faɗa wa, in ce daga bakin likita na ji, wanda ya yi karatu a Faransa."

Haddar Nizar ta gudu. Da ƙyar ya ce, "Ƙarya na yi maka, Mulham. Mutane ne."

Mulham ya daɗe yana goge faranti guda, wanda babu komai a kansa.

"Kar ka zo mini da wannan yanzu, Likita. 'Ya'yana uku. Ina samun barci."

Ya cika kofi maƙil ya miƙa masa. Nizar ya karɓa, ya ƙura wa kofin ido yana lallashin hannunsa, amma ina. Shayin ya gangaro ta yatsunsa, ya jiƙa masa wando.

"Hutun sati biyu," in ji Mulham, ba dariya. Ya juya ya tambayi wani direba sukari cokali nawa.